Barci Uku a Gidan Alhaji Maitama

Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Alhaji Maitama a Maska, ita ma ba ta kai tsayin mutum ba, don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsince shi ba. A shekarar da aka yi wa Alhaji dashen ƙoda, mutum uku ne ke barcin rana a gidan nan. Biyu ana yi musu fifita, ɗaya ana tashinta da zagi. Na daɗe ina haɗiye maganar, har ta fara yi mini nauyi a ƙirji.

Na farko shi ne Alhajin da kansa, babban manomi kuma mai saye da sayar da masara a kasuwar Funtuwa. Shi kam barcinsa da dalili. An yanka shi, an ɗinke, ga ƙwayoyin da yake sha safe da yamma suna kashe masa jiki. Da hantsi ya yi sai a shimfiɗa masa katifa a rumfar tsakar gida, a kori yara waje, a hana daka. Akwai wani zakara da ya saba cara da rana, a satin farko aka yanka shi aka yi wa Alhaji farfesu.

Na biyu ƙaninsa ne Awaisu, gwarzon Maska, wanda kowa ya san shi ya ba yayansa ƙoda. Shi a ƙofar gida yake nasa barcin, a ƙarƙashin darbejiya, inda masu wucewa za su gan shi su sa masa albarka. In ya tashi sai ya dafe kwiɓi yana tafiya a hankali. Na lura wata rana kwiɓin hagu yake dafewa, wata rana na dama, amma tunda ba a tambaye ni ba ban ce komai ba. Hotonsa ya zaga wayoyin gari, liman ya ambace shi a wa'azi, ko buta a cike ba a bari ya ɗauka.

Ta uku ita ce Lauratu, matar Alhaji, uwar 'ya'yansa huɗu, wadda aka ce ta bi su Kano ne don jinya. Ita ce mai ƙodar.

Kwana uku da dawowarsu ta leƙo ta katanga ta kira ni. "Yaya Adawiyya, don Allah zo ki taimaka mini da wani abu." Da na shiga ɗakinta ta saki labule, ta ɗaga riga. Na ga ɗinki a gefen cikinta, ga auduga ta manne, ta kasa juyawa ta wanke da kanta. Ina wankewa tana ba ni labari a hankali. Awaisu aka fara gwadawa, jininsa ya dace. Ranar da za a ba shi gado a asibiti aka neme shi aka rasa, sai a tashar mota aka same shi, wai ya yi mummunan mafarki. Alhaji kuwa a lokacin ya kumbura, ba ya ko gane mutane. Sai Lauratu ta ce a gwada ta. Ta dace, ta sa hannu a takarda, aka shiga da ita.

Inno, mahaifiyar su Alhaji, ita ta tsara sauran. Tun Lauratu ba ta fara zama da kanta ba ta jawo kujera bakin gadonta.

"Ki saurare ni, 'yar nan. Mutum kamar mijinki, mai ma'aikata kusan arba'in, a ce yana yawo da ƙodar mace a cikinsa? Wa zai sake jin maganarsa a kasuwa? In ya yi wa direba tsawa ai dariya zai yi masa. Shi kuma Awaisu, in aka ji ya gudu, wa zai ba shi mata? Ke ladanki na wurin Allah, me za ki yi da yabon mutane?"

Ƙarya ɗaya ta rufa wa maza biyu asiri, ka ga kuwa ai ta yi araha. Lauratu ta amince, don ita burinta mijinta ya tashi. Ni ma ta roƙe ni in riƙe bakina, na ce na riƙe. Wannan alkawarin har gobe ina jin haushin kaina a kansa.

Likita ya sallame ta da dokoki: kada ta ɗaga abu mai nauyi, ta huta sosai, ta sha ruwa da yawa, ta riƙa komawa ana duba jininta. Kuma a gaskiya ba a yi wasa da dokokin nan ba, kaf aka bi su, sai dai a kan Awaisu aka bi su. Shi ake dafa wa ƙwai, shi ake aje wa ruwan leda a randa don ya yi sanyi. Lauratu kuwa Inno ta ce in ta kwanta mutane za su tambayi abin da ya same ta, gara ta fito a gan ta a tsaye.

Ga 'yan dubiya ba sa yankewa. Daga Tsiga, daga Bakori, daga Malumfashi, mota-mota. Kowa ya zo sai ya ga Alhaji, ya ga Awaisu, ya yi salati, sannan a kawo masa abinci, don gidan Alhaji Maitama ba a shiga a fita da yunwa. Kwana goma da dawowa Lauratu na gindin murhu tana hura wuta, hannu ɗaya a kan ɗinki. Matan da suka zo dubiya in sun wuce ta sai su ce, "Sannu da jinya, Lauratu. Ki riƙa kula da ƙanin mijin nan naki, ya yi miki abin da ba za ki iya biyansa ba." Ita kuma ta ce to.

Daga nan barcin ya fara. Da fari gyangyaɗi ne, tana tsintar shinkafa sai ka ga kai ya tafi, tire ya karkace. Sannan ya zama in ta zauna tahiya a sallar azahar, sai an taɓa ta take sallamewa. Wata rana na same ta zaune a kan turmi, ɗan autanta na jan zaninta yana kuka, ita ba ta ma san yana yi ba. Ta ce mini, "Wallahi ba da gangan nake yi ba. Ji nake kamar an zare mini laka. Ko na kwana ina barci, in gari ya waye kamar ban runtsa ba."

Ka san ƙanin miji abokin wasa ne, duk abin da ya faɗa wa matar wansa ba a riƙe shi da shi. Awaisu ya samu wannan ƙofar a buɗe ya shige da ƙafa biyu. In ya tashi daga nasa barcin ya shigo neman abinci, sai ya tsaya a kanta ya tafa hannu.

"Hajiya Gyangyaɗi! Matar Yaya, ni da aka yanka ma ban yi irin wannan barcin ba!"

Matan da ke tsakar gida su kwashe da dariya. Lauratu ta buɗe ido ta dube shi, ta tashi ta zuba masa abinci. Sunan kuwa ya bi ta, har yaran unguwa sun riƙe shi.

Da ranar komawa asibiti ta zo, ta yi wanka tun da safe, ta ɗauko katinta ta sa mayafi. Ina jin su ta katanga.

"Ina kuma za ki?" in ji Alhaji.

"Alhaji, ai yau ne likita ya ce mu koma tare."

"To, ai kin ga matsalar. In aka ga kina shiga mota duk wata sai a fara ƙananan maganganu. Awaisu ne ya kamata a gani. Ki gaya masa yadda kike ji, sai ya gaya wa likitan."

Haka aka yi. Awaisu ya shiga gaban mota aka kwantar masa da kujera, maƙwabta suna ɗaga masa hannu. Da la'asar suka dawo, yana sakace haƙori, ga sabuwar hula. Lauratu ta tare shi da ruwa ta tambaye shi abin da likita ya ce game da ita.

"Ya ce lafiyarki lau."

"Ya gan ni ne?"

"Ya duba Yaya ai. Ya ce ƙodar tana aiki kamar sabon inji. To ba taki ba ce?"

Daga baya na ji cewa likitan ya tambayi inda take har sau biyu, Alhaji ya ce masa tana gida garau, hidimar yara ce ta riƙe ta. Wata uku aka jera ana wannan tafiyar, Awaisu har ƙiba ya yi.

Sai kaka ta zo. Wanda ya san gidan babban manomi a lokacin karyar masara ya san ba a zama. 'Yan ƙwadago talatin a gona, kowa da cikinsa, koko da safe, tuwo da rana. Tukunyar da ake tuƙa tuwon nan yaro zai iya wanka a ciki. Ga masara an jibge a tsakar gida tana jiran ɓara, ga shanya, ga ɗiban ruwa. Lauratu na tsakiyar duk wannan, idanu na rufewa, baya na ciwo.

Inno ba ta rasa magani ba. Ta fara da goro, ta koma shayi mai kauri, da suka ƙi ci sai ta tare mai babur ɗin nan da ke yawo da lasifika yana tallar maganin gajiya. Ta sayo mata haɗin ƙwayoyi a ƙulle a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, uku da safe uku da yamma. Ciwon bayan ya lafa, aiki ya tafi, Inno ta riƙa yabon kanta. Ni kuwa ƙafafun Lauratu nake kallo, sun fara cika silifas ɗinta, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba.

Na ce mata, "Lauratu, mai ƙoda ɗaya ba ya shan irin waɗannan ƙwayoyin. A rediyo ma ana faɗa."

Ta ce, "Yaya Adawiyya, in ban sha ba, ba zan iya juya muciyar ba."

Na yi ta maza na je wurin Inno. Na durƙusa na gaishe ta, na ce a taimaka a kai yarinyar nan asibiti, ko na Funtuwa ne. Ta dube ni sama da ƙasa tana taunar goro.

"Adawiyya, yaushe kika zama likita? Lalaci ne kawai. Mu da muka haifi goma muka tashi muka yi surfe, wa ya kai mu asibiti? Katangar nan ce ta yi gajarta, zan sa a ƙara mata bulo."

Ranar wata Talata abin ya kai ga ƙonewar tuwo. Ta gama tuƙi ta rufe ya sulala, ta jingina da bango, shi ke nan. Ƙauri ne ya tashi Alhaji daga barcinsa a rumfa. Ya miƙe, shatin matashi a kumatunsa, ya zo ya tsaya a kanta.

"Wai ke wane irin barci ne wannan da rana tsaka? Mutum talatin na jiran abinci a gona! Ni da nake da lalura ma ina ƙoƙari."

Ta ɗago a hankali ta ce, "Alhaji, ni ma fa an yanka ni."

Inno ta taso daga ƙofar ɗakinta kamar an tsikare ta. "Rage murya, akwai mutane a zaure! Gori za ki yi masa? Dama na san za a rina. In kin gaji da zaman, ki tafi Dayi gidan uwarki ki yi barcin ki ƙoshi."

Na jira in ji Alhaji ya ce wani abu. Abin da ya ce shi ne, "To kin dai ji." Ya koma katifarsa. Wato matar za a iya mayar da ita Dayi, amma ban ji wanda ya ce a haɗa mata da ƙodarta ba. Ranar na yi kuka a madafina, kukan takaici, na share hawaye na ci gaba da riƙe alkawari kamar wata sakara.

Da aka gama kaka, Alhaji ya shirya walimar godiya ga Allah. Ƙungiyar manoman yankin ta ce a ranar za ta ba Awaisu kyautar sabon babur, don matasa su yi koyi. Aka kafa rumfuna a ƙofar gida, aka yanka sa. Lauratu tun sallar asuba take kan tukwane, mu maƙwabta muna taya ta. Wajen azahar, ana ta kabbara a waje ana miƙa wa Awaisu makulli, na waiga na gan ta zaune ta jingina da buhunan masara, kai a langaɓe. Na yi sauri in tashe ta kafin Inno ta gani. Na girgiza ta, na kira sunanta, na sake girgizawa. Fuskarta ta kumbura, numfashinta na fita da ƙyar.

Inno ta iso ta ce, "Ku watsa mata ruwa, iya shege ne. Yau ma sai ta kunyata mu?"

Aka watsa, ba ta motsa ba. Sai a lokacin aka nemo direba.

A asibitin Funtuwa likitar da ta duba ta ta kira mu ofis, ni da Alhaji da Inno. Ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce, "Ina ɗayar ƙodarta?" Alhaji ya dubi Inno, Inno ta dubi silin. Likitar ta dubi kwalaben maganin da ke leƙowa daga aljihun Alhaji, ta gane da kanta. Ta ce ƙodar da ta rage ta jigata, ga hawan jini da ba a taɓa aunawa ba, ga ƙwayoyin nan, ga rashin hutu. Dole a kai ta Zariya a fara wankin ƙoda. In ta farfaɗo, to. In ba ta farfaɗo ba, ita ma sai an nemi wanda zai ba ta.

"Barcin nan da kuke cewa tana yi, jikinta ne yake ta gaya muku a kawo ta. Wata nawa tana yi?"

Alhaji ya sa hannu ya tura kwalaben cikin aljihu.

Kashegari da la'asar, kafin a wuce da ita, 'yan dubiya suka cika ɗakin. Inno ta riga ta shirya musu bayani: ciwon ƙoda ne ya shigo gidan, wajen jinyar mijinta ta kwasa. Mutane suna ta jinjina kai. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah! Ga shi mai bayarwar ya riga ya bayar." Duk aka juya ana kallon Awaisu. Shi kuma ya dafe kwiɓi, ya yi ajiyar zuciya, har da ƙwalla.

"Wallahi da ina da biyu, da yau ɗin nan na ba matar Yaya ɗaya."

Lauratu na kwance ido a rufe, kowa ya ɗauka aikin nata take yi. Sai muka ji muryarta, a shaƙe amma kowa ya ji.

"Awaisu, ba na son ƙodarka. Ɗaga rigarka kawai, mutane su ga ɗinkin."

Awaisu ya saki kwiɓi ya riƙe bakin rigarsa da hannu biyu, kamar wani zai fizge. Inno ce ta fara dawowa hayyacinta, ta yi 'yar dariya.

"Ku rabu da ita, magagin barci ne. Ai kun san halinta."

Kuma ka ga mutane sun fara gyaɗa kai, don wa bai san Hajiya Gyangyaɗi ba? A nan ne alkawarina ya ƙare. Na miƙe na ce, "Ba magagi ba ne. Ni Adawiyya, da hannuna na wanke ɗinkin da ke cikin Lauratu, sati uku ina wankewa. Ƙodarta ce a cikin Alhaji. Wanda yake musu, ga Awaisu nan, ga rigarsa."

Awaisu bai ɗaga ba. Ya ce ana kiransa a waya, ya fita, muka ji tashin sabon babur.

Kada ka ɗauka gari ya girgiza saboda Lauratu. Abin da aka yi sati biyu ana tattaunawa a majalisu shi ne ko namijin da ke da ƙodar mace zai iya yin limanci, da ko shi ya sa muryar Alhaji ta yi laushi. Ni aka ce na tona asirin maƙwabci, har yau wasu ba sa amsa gaisuwata. Awaisu ya yi kwana goma a Kaduna ya dawo, babur na hannunsa, don an ce kyauta ba a karɓe ta. Da aka yi maganar a gwada shi ko zai ba Lauratu ƙoda, Inno ta ce yaron da ke shirin aure ba a taɓa masa jiki. Alhaji yana ba da mota ranakun asibiti, kuma yana tabbatar da cewa kowa ya san ya bayar.

Mahaifiyar Lauratu ta zo daga Dayi, tsohuwa mai sanda, sai ranar ta san an taɓa yanka 'yarta. Ba ta iya doguwar tafiya, don haka ni nake raka Lauratu Zariya, Litinin da Alhamis. Likitoci sun ce a jira a gani, har yanzu jiran muke.

Makon jiya, bayan an jona mata robobin, jininta ya fara zagayawa cikin injin, ta juyo ta dube ni tana murmushi.

"Yaya Adawiyya, kin san abin da nake so da injin nan? Awa huɗu cur, ba mai tashina."

Ta rufe ido. Can wayarta ta fara ƙara a cikin jakata, na duba na ga daga gida ne. Na kashe ta, na gyara mata mayafi.